Shi Ko an Saurare Shi

Daren Talata, 12 ga Zulhajji, unguwar Jarwal

Ƙanena Sani ya kira daga Amurka, ransa a ɓace. Hukumar kare haƙƙi ta jiharsu ta kori ƙararsa kan mai gidan da ya hana shi haya don baƙar fata ne shi. Sun ce tunda an kora, doka ta ɗaure musu hannu, sai dai ya tafi kotu.

"Yaya, zalunci ne wallahi!"

Na ce Allah ya bi masa haƙƙinsa, amma ƙyashi ne ya cika mini ciki. An ba shi kujera, an ji bakinsa, har an kira mai gidan ya yi bayani.

Ni yau a Mina shugabanmu na wurin aiki ya cire ni daga jagorancin alhazai ya mai da ni ɗan dako, wai fuskata ba ta dace da manyan baƙi ba. Na ce "ɗayyib", wato to, na sunkuci jaka. Da iƙamar ɗalibi, takardar zama kawai, wa zan kai wa kuka?

Astagfirullah. Ina dab da Harami, ina hassadar ƙanena don an kori ƙararsa. Tawa ko kora ba ta samu ba.