Muryar Kaka Amama

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na gama sikirif ɗin, ƙaramar manhajar da na rubuta don tsara muryoyin Kaka. Layi ashirin da uku kacal. Yana duba ranar da aka ɗauki kowace murya, ya raɗa wa fayil ɗin suna da ita, ya jera su. A kwamfutata mai Linux ya tafi sumul.

Nasira, 'yar Baba Abass ƙanin mahaifina, ita ke zuwa Sabon Zongo tana ɗaukar hirar Kaka Amama: yadda kakanninmu suka biyo fataucin goro har suka zauna a Accra. Muryoyi goma sha huɗu ta tara. Ni nawa tsarawa ne, ba ni da haƙurin zaman tsofaffi. Na tura mata sikirif ɗin ta gwada a kwamfutarta ta Mac.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ta kira ina cikin trotro, motar haya, wajen Kawukudi. "Chale, abinka ya cinye Kaka! Fayil ɗaya kawai ya rage." Na ce a wajena yana aiki. Ta ce to ai Kaka ba a wajenka yake ba, ta kashe.

Ta riga ta goge na wayarta saboda wuri.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je Maamobi na zauna gaban na'urarta, ita ko kallona ba ta yi. Abin mamaki! Umarnin stat, mai faɗin ranar fayil, yana nan a tata kamar a tawa, suna ɗaya, amma ba a tambayarsa iri ɗaya. Nawa ka ce masa -c ya ba ka rana. Nata sai -f. Da bai gane ba, sai ya dawo hannu rabbana, sikirif ɗina kuma bai tsaya ya duba ba. Duk fayil ya samu suna ɗaya, kowanne ya hau kan na gabansa ya danne.

Kunya ta kama ni, amma wallahi har da sha'awa. Me ya raba su tun asali? Na shiga karantawa, ashe gida biyu ne da suka fito daga kaka ɗaya, kowa ya riƙe al'adarsa. Haka umarnin sed, haka na date. Shekara shida ina rubutu ban taɓa leƙa gidan maƙwabta ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Razak mai gyaran waya ya gwada dawo da su. Babu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wadda ta fi ci wa Nasira rai ita ce ta bakwai. A cikinta Kaka ta faɗi sunan garin da mahaifinta ya taso, sunan da ko Baba Abass bai sani ba. Nasira ba ta riƙe ba, ta dogara da na'ura. Kaka kuwa yanzu rana ɗaya garau, kwana uku hazo.

Na sake rubutun. Yanzu yana fara tambayar na'ura wace ce ita. In ya nemi ranar fayil bai samu komai ba, ya tsaya cak. Ba ya taɓa na asali, kwafi yake yi. Layi sittin da ɗaya, ya yi muni, ba na son ganinsa. Na gwada a tawa, a ta Nasira, da tsohuwar kwamfutar Razak mai Windows. Duk ya wuce.

Talata, 15 ga Oktoba

Nasira ta ce ita ta gama nata. Wanda ya zubar shi zai kwashe.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan masallaci na tafi Sabon Zongo, rabona da gidan tun babbar salla. Kaka ta dube ni ta ce, "Abdulai, ka rame." Sunan mahaifina ne. Ban gyara mata ba.

Na tambayi garin kai tsaye, ta ci gaba da murza carbinta. Na sake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai na tuna Nasira ta ce ba a yi mata haka, sai an bi ta kan goro. Na ce, Kaka, yaya ake naɗe goro kada ya bushe a hanya? Ta gyara zama. Ganye, yayyafin ruwa, jakuna, wani kogi da suka yi kwana uku kafin su haye. Awa ɗaya da rabi.

Sunan garin bai fito ba. Na ajiye muryar wuri uku.

Ta ce in dawo Talata in zo mata da fura. Ina da aiki ranar, amma zan ga yadda za a yi. Na dai riga na tambayi inda ake samun mai kyau a Nima.