Waƙar da Ta Raba Ni da Ishaku

Narayi, Kaduna
16 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga Yayata Comfort,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yakubu da yara, a wannan Fatakwal taku da ruwa ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Ni ma ƙalau nake, sai ciwon gwiwar da kika sani. Yara suna makarantar kwana, sai hutun Kirsimeti. Tun rasuwar maigidana Istifanus gidan nan bai taɓa yi mini faɗi kamar bana ba. Nakan kunna rediyo ba don ina sauraro ba, don dai in ji muryar mutum.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Kin san tun da aka rage ma'aikata a masaƙar da ƙaninmu Ishaku yake aiki a Kakuri, ya faɗa shan burkutu. Abin da ba ki sani ba shi ne, a watan Yuli ya kwance kan keken ɗinkin matarsa Lydia ya sayar, ya bar mata teburin da abin takawa. Lydia ta zo wurina tana kuka, ta ce wani lokaci takan zauna ta riƙa taka shi haka nan, babu zare babu allura, don ƙafarta ta saba. Ta roƙe ni kada Ishaku ya ji cewa ta kawo mini ƙararsa, ni kuma na yi mata alkawari.

To, kin san halina da waƙa. Ni ce mai tsara wa Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu sababbin waƙoƙi, kuma idan waƙa ta kama ni ba na jin kira. A nan kaɗai babu mai ce mini yi ko bari, ba hedimastan makarantar da nake aiki, ba dangin miji. Aka ce in shirya wadda za mu yi ranar godiyar kaka, a kan mazan da giya ta raba da gidajensu. Ina wanke-wanke baitin ya zo mini: ya ɗauke kan keke ya bar mata ƙafa, tana ta takawa babu ɗinki. Na gaya wa kaina ai ban kama suna ba, kuma mashaya sun cika gari. Amma bari in faɗa miki gaskiya tun da ke ce. Na san na Lydia ne, sau biyu na ɗauki biro zan soke shi, na fasa, saboda duk waƙar babu baitin da ya kai shi daɗi.

Na kuma kwantar da hankalina da cewa Lydia ta daina zuwa koyon waƙa tun damina, kunya ta hana ta fita. Ashe ranar godiyar ce ta zaɓa ta dawo, har ta lallaɓa Ishaku ya biyo ta sujada, karo na farko cikin wata biyar. Kin san dokarmu, duk wadda ta ɗaura zanen zumunta sai ta fito gaba ta shiga layi ta yi amshi, babu mai zama a benci. Ban gan ta ba sai da aka fara buga tulu, na juya zan ba da waƙa, sai ga ta a layi na biyu. Da na tsallake baitin ma babu amfani, mata arba'in sun riga sun haddace shi. Da muka iso kan baitin, matan unguwarsu da suka saba kai mata ɗinki suka fara satar kallonta, wasu maza a baya suka yi dariya suna waiwayen Ishaku. Lydia ba ta fita daga layi ba. Ta tsaya tana tafi, tana amsa waƙar gidanta har ƙarshe, hawaye na sauka a kan rigarta. Ishaku kuwa ya jira sai da aka yi addu'ar rufewa, sannan ya fita.

Kashegari na je gidansu. Lydia ta ba ni kujera da ruwa kamar wadda ta yi baƙuwa daga nesa, ta ce babu komai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ishaku bai ɗaga murya ba, da ma ya yi mini ihu da na fi jin sauƙi. Ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma yana da yaya a Narayi mai ƙofa da za a iya rufewa, me ya hana in kira shi ciki in zage shi son raina. Ya ce ni na sami waƙa, shi kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na tashi na koma gida. Ƙarshen wata suka tashi suka koma Kamazou, a bakin maƙwabciyarsu na ji.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, an ce tun ranar bai sake kai ƙoƙo baki ba, har ya sami aikin gadi a wani kamfani a Kudenda. Shugabar zumuntarmu sai murna take yi, wai waƙa ta yi aikinta. Na roƙe ta a daina yin ta, ta ce ai ta fita hannuna, ta zama ta Ubangiji. Na ƙi bayarwa a babban taron da aka yi a Oktoba, suka sa wata ta bayar, har wani ya ɗauka a kaset. Shekaranjiya na ji ta a bas daga Kasuwar Barci, wata mata kusa da ni tana bi tana kaɗa kai. Na ɗauka don ni na tsara ta ina da iko da ita, ashe ikona ya ƙare tun ranar da na koya wa mutum na biyu.

Ran Lahadi ne abin yake cina. A da, daga coci nan suke wucewa, su da yaransu biyu, mu ci tuwo da miyar karkashi, Ishaku yana tsokanata wai gishirina ya fi wa'azin fasto yawa. Yanzu nakan dawo in cire zane in zauna. Sau uku ina mantawa ina auna garin mutum biyar. Na bar tsara waƙa, ba don an hana ni ba, baiti yakan zo sai in tsaya ina tambayar kaina na wane ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Tanko direba ya zo daga ƙauye jiya da saƙon Mama. Kin san mun ɓoye mata komai, har yau tana tsammanin Ishaku yana masaƙa. Matan da suka zo taron Oktoba sun kai waƙar gida, Mama ta haddace ta tsaf, tana alfahari a gari cewa 'yarta ce ta yi. Ta ce ita za ta ba da ita ranar Kirsimeti, kuma tana so ni da Ishaku da Lydia mu zauna a bencin gaba. Tanko ya ƙara da cewa kullum da safe Mama takan sa mutumin nan na cikin waƙar a addu'a, shi da uwar da ta haife shi, wai ko wace ce baiwar Allah tana ganin jarrabawa.

Yaya, saura mako biyar da 'yan kwanaki. Idan na yi shiru, Mama za ta tsaya gaban ikilisiya ta yi wa ɗanta abin da na yi masa. Idan na hana ta, sai na gaya mata dalili, in sake tona shi karo na biyu. Ki rubuto mini da wuri, ke ce babba, abin da kika ce shi zan yi.

Ki gaida Yakubu, da Christy da Ernest, ki ce ina sa su a addu'a. Idan za ki rubuta wa Ishaku ki gaishe shi, ke yana buɗe takardarki.

Ni ce ƙanwarki,
Rhoda