Matar Sarkin Blackfoot Fa?

Zuwa ga Yaya Balkissa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ni ma lafiya, sai nauyin jiki, cikin ya shiga watansa. Kayan jegon da kika aiko sun iso: gero, kanwa, yajin daddawa da kilishi. Allah ya bar zumunci. Amma ki gyara zama ki ji abin da ya same su.

Kin san an zaɓi ƙanin naki, maigidana Alhaji, shugaban Hausawan da ke sayayya a nan Guangzhou. To, lokacin baje kolin Pazhou ya haɗu da wani tsoho daga Kanada, ɗan ƙabilar Blackfoot, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Sayen duwatsun ado ya zo, ba ya jin Sinanci, Alhaji ya yi masa tafinta. Da na sani, da ranar nan na ɓoye wa Alhaji takalmi. Tsohon ya ba shi labarin kakan kakansa, wai sarkinsu ne. Wai da ɓaunan da suke farauta suka ƙare, yunwa ta shigo, sai ya dinga yanka dawakinsa yana rabawa, kuma ba ya kai loma baki sai kowa a zangon ya ci. Ya rasu ko linzami bai bari ba.

Shi ke nan, Alhaji ya sha labarin nan ya yi wanka da shi. Duk wanda bizarsa ta ƙare, ko aka riƙe masa kaya a kasuwar Canaan, sai gidanmu, gidan da ɗaki biyu ne kacal. Ko madafa zan shiga sai na ja mayafi na yi gyaran murya. Kilishi tuni ya zama tarihi. Jiya na tarar an dama kunu da gerona an ba wani ɗan Maraɗi mai zazzaɓi. Da na yi magana, ya ce shugaba shi ne ƙarshen ci. Na ce to, ni da ke ɗauke da ɗan shugaban fa? Nan ba Kano ba ce da zan aika a auno min. Ki tambayi Basine gero, ya kaɗa hannu ya ce miki "meyo", wato babu. Wallahi Yaya raina a ɓace yake.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Maijidda

Zuwa ga Yaya Balkissa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya kowa da kowa? Na gode da barka. Surayya tana lafiya, hancin Inna ta ɗauko. Aicha, 'yar Yamai da ke hawan ƙasa da namu, ita ke min wankan jego da butar lantarki da robar wanki, Allah ya biya ta.

Abin da na guda shi ya faru. Na dawo daga asibiti babu ko ƙwayar gero. Kunun shinkafa nake sha, nono ya ƙi zuwa sosai, yarinya tana kuka ina kuka. Shi kuma gogan ya rame, wuya kamar mariƙin lema, yana zaune yana jiran baƙi su ƙoshi. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan ɗauka.

Ranar suna na ce ya ishe ni. Kullum sarki, sarki, shi sarkin nan ba shi da mata ne? Na sa shi dole ya kira tsohon a waya ya tambaye shi. Yaya, tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce ai Alhaji ne bai tambaya ba, amma a wurin matansu labarinta ya fi na mijin tashe. Tun da ta ga inda ya dosa, ta haƙa rami ƙarƙashin shimfiɗarta, tana ɓoye busasshen nama da ta daka da kitse. Da shi ta raya 'ya'yanta, da shi take ciyar da shi kansa sarkin in ya rabar da nasa, bai kuma taɓa tambayar daga ina ba. Ya ce: "Ba don ramin nan ba, da ba a haife ni ba, balle in ba ka labari."

Alhaji ya daɗe yana kallon Surayya.

Saboda haka ki sake aiko min gero da kanwa, har da kilishi in da hali. Amma ki rubuta sunan Aicha a jikin buhun, a wurinta za su zauna. Kada ki ce ina munafurtar mijina. Shi da kansa, da zai fita masallaci yau, ya tsaya bakin ƙofa bai waiwayo ba, ya ce: "In Yaya ta sake aiko wani abu, don Allah kada ki gaya min inda kika ajiye."

Ki gaida Inna, yanzu kam kya iya gaya mata.

Taki har kullum,
Maijidda