Tsagar Bangon Gidan Mama Ngozi

Zuwa ga
Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Haya da Dillalai,
Unguwarmu ta bakin jami'a,
Jos.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina miƙa gaisuwar girmamawa gare ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya, Musulminku da Kiristanku. Ya aka ji da ruwa, ya kuma sanyin bana? Allah ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.

Sunana Sani Garba. In sunan bai tuna maka kowa ba, fuskar za ta tuna maka: ni ne mai shagon ɗaure kundin ɗalibai da ke daura da ƙaramar ƙofar jami'a. A Gangare aka haife ni, haƙar kuza ce ta kawo kakana garin nan. Shekara goma sha huɗu ke nan ina haya a gida mai koren ƙyaure da ke layin rijiya, gidan Mama Ngozi, matar marigayi mai sayar da kayan gyaran mota. Ina zaune da matata Rabi, da 'ya'yanmu huɗu, da mahaifiyata Inna.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau biyu ina kawo takardar koke ofishinku. Karon farko aka ce ka yi tafiya. Karo na biyu na tarar da mutum ɗaya tak a kan teburi, shi ne Ɗanjuma, sakatarenku, kuma shi ne dillalin da na zo kawo ƙara a kansa. Ya karɓa yana murmushi, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Tunda ba ni da tabbacin ta iso hannunka, ga ta nan inda kowa zai karanta.

Na ɗaya. Shekara goma sha biyu babu kowa tsakanina da Mama Ngozi. Tana ɗakuna biyu na gaba, mu muna baya, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya taɓa mata ido, 'yarta ta ɗauke ta zuwa wajenta a Rayfield, ɗanta da ke Legas kuma ya danƙa wa Ɗanjuma kula da gidan. Ranar da ya fara zuwa, ko ruwan da Rabi ta kawo masa bai sha ba. Ya shiga taka tsakar gida daga bango zuwa bango, leɓensa na motsi. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce hanyar ruwa yake dubawa. Ban taɓa ganin mai duba magudana yana ƙirga taku ba.

Na biyu. Ranar wata Talata a makon farko na watan Yuli na bana, ya zo da wani mutum mai hular kwano, ya ce injiniya ne. Mutumin bai faɗi sunansa ba, bai nuna kati ba, bai zo da ko igiyar awo ba. Ya tsaya a falo, ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya kalli wata siririyar tsaga da ke saman taga, ya girgiza kai, suka fita. Bai leƙa ɗakunan kwana ba, bai zagaya bayan gida ba. Shayin da aka ɗora musu bai ma tafasa ba suka tafi. Tsagar nan, ranka ya daɗe, na same ta a gidan ranar da na tare, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ko tsawon ɗan yatsa ba.

Bayan kwana goma Ɗanjuma ya kawo mini takarda mai ɗauke da hatimin ƙungiyarku. Ta ce ginin ya zama haɗari, za a rushe shi, mu tashi kafin ƙarshen watan Oktoba. A ƙasanta akwai sa hannun injiniya, amma babu suna.

Na uku. Ban ɗauki abin da wasa ba, domin rayukan iyalina ne. Na kira wani dattijon magini daga Anguwan Rukuba, wanda ya shekara arba'in yana ɗora bulo a garin nan. Ya kankare shafen wurin da ƙusa har ya isa ga bulon, ya ce in sa hannu in ji. Lafiya ƙalau. Shafen siminti ne kawai ya tsage. Ya zagaya baya, ya tona gindin gini, ya nuna mini cewa a kan dutse aka kafa harsashin. Da na kai wa Ɗanjuma wannan labari, abin da ya ce kawai shi ne: “Malam Sani, magini daban, injiniya daban.” Na ce to a ba ni sunan injiniyan in je in same shi. Ya ce ba a gari yake ba. Yau wata biyu ke nan bai dawo gari ba.

Na huɗu. Wataƙila ka tuna Malam Bitrus, tsohon malamin firamare da ya zauna a layin bayanmu shekara ashirin. Bara ya tashi, aka ce gidan da yake haya zai faɗi. Na bi shi har inda ya koma, can gaba da Farin Gada, inda yanzu jikokinsa ke hawa keke napep biyu kafin su isa makaranta. Ya ɗauko tasa takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki inda ya adana ta, muka shimfiɗa su biyun a kan teburi.

Ranka ya daɗe, takarda ce sana'ata. Da ita na ci, da ita na yi aure. Takardun nan biyu uwa ɗaya ta haife su. Kalma ɗaya, layi ɗaya, har kuskuren rubutu guda da ke sakin layi na biyu yana nan a duka biyun. Akwai wani ɗigon baƙi a kusurwar hagu, irin wanda injin kwafi mai datti a gilashi yake bari, shi ma yana nan a wuri guda. Lambar gida kawai aka goge aka sake rubutawa da biro. Wato injiniyan ya san ciwon bangona tun shekara guda kafin ya gan shi.

Gidan Malam Bitrus kuwa yana nan tsaye, kowa na iya zuwa ya gani. Ba a cire masa ko kwano ɗaya ba. An dai raba ciki, an fasa ƙofofi takwas, an shafa fenti ruwan ɗorawa, an zuba ɗalibai.

Na biyar, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Tun da aka ba ni takardar nake neman Mama Ngozi a waya, lambar ba ta shiga. Ɗanjuma ya ce jikinta ya yi tsanani, 'ya'yanta sun hana a dame ta, duk abin da ke akwai in faɗa masa ya isar. Na yarda har na tsawon makonni. Rabi ce ta ce ko ba don gida ba, ai ya kamata mu je dubiya. Muka sayi dankalin Turawa da kabeji, muka nufi Rayfield ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci.

Muka same ta zaune a baranda, lafiyarta lau in ban da idon, wayar ce kawai aka canza mata. Da ta ji muryata ba ta amsa gaisuwar ba. Ta juya fuska gefe. Rabi ta durƙusa ta kama hannunta, ta janye. Sai can ta ce, da irin Hausarta: “Sani, ni ne ya riƙe yaronka ranar suna. Yanzu ka gina gida, ka sa 'yan makaranta a ɗakina kana karɓa kuɗi, za ka tafi ba ko sai an jima?”

Abin da aka gaya mata ke nan. Wai na gina gidana, ni na nemi tashi, kuma wai na zuba ɗalibai a ɗakunanta na gaba a ɓoye. Ɗakunan da makullinsu ke hannun Ɗanjuma tun ranar da ta bar gidan. Maganar tsagar bango kuwa ba ta taɓa jin ta ba sai a bakina. Da 'yarta ta karanta mata takardar, tsohuwar nan ta yi kuka, ta ce mijinta da kansa ya tsaya a kan ginin nan, bulo ɗaya ɗaya.

Ranka ya daɗe, abin da ke tsakanina da matar nan ya wuce haya. A ranakun da garin nan ya rikice, 'yan layin rijiya sun san wanda ya tsaya wa wani a bakin ƙyaure, ba sai na faɗa a nan ba. Zumuncin da waɗancan ranaku ba su raba ba, shi dillalinku ya kusa rabawa da baki, ya bar ta wata biyu tana kallona a matsayin maci amana.

A gabana ta sa aka kira ɗanta. Ya ce shi takarda ɗaya ya sa wa hannu, ta karɓar haya da gyaran abin da ya lalace. Da aka kira Ɗanjuma kuma, ya ce akwai wata takardar ta biyu da ta ba shi ikon yin yadda ya ga dama da gidan. Na ce a nuna mini, ya ce ba huruminka ba ne. 'Yar Mama ta ce a nuna mata, ya ce tana wajen lauya. Lauyan ma babu suna.

Na shida. Mako guda bayan zuwanmu Rayfield, wata mota ta sauke bulo a ƙofar gidan. Ba irin na harsashi ba ne, siraran nan ne da ake raba ɗaki da su. Na fito na karanta sunan da ke jikin ƙofar motar. Sunan gidan bulonka ne, ranka ya daɗe. Ban ce ka sani ba. Kowa na iya sayen bulo a wajenka, mai sayarwa kuma ba ya bin mota ya ga inda za ta. Amma hatimin ƙungiyarka ne a kan takarda, sakatarenka ne ya kawo ta, bulonka ne a ƙofa. In kai ne a matsayina, me zuciyarka za ta raya maka?

Na bakwai. Ranar Litinin da ta wuce wata ɗaliba ta shigo shagona yin kwafi. Tana jira sai ta tambaye ni ko na san gida mai koren ƙyaure a layin rijiya, tana son ta ga wurin kafin mahaifinta ya zo daga Shendam. Ta nuna mini rasit. Ta ba da kafin alƙalami na naira dubu tamanin a kan ɗaki mai lamba biyar, za ta tare a sabon zangon karatu. Gidan nan ba shi da ɗaki mai lamba biyar. In an yi shi, to a inda gadon Inna yake zai kasance. Na yi wa yarinyar kwafinta ban nuna mata fushi ba, domin ita ma 'yar wani ce, kuma ba ta yi mini laifin komai ba.

Kada a ɗauka ina ƙin ɗalibai. Da su nake ci, da su nake sha. Na kuma san abin da ɗaki takwas ke kawowa ya ninka abin da iyali ɗaya ke biya. Gida na Mama Ngozi ne. Ranar da ta ce da bakinta, Sani ina son gidana, wallahi zan nemi wa'adi in kwashe kayana in yi mata godiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kore ni da ƙarya, a kuma ci gidan tsohuwa da ƙarya don an ga idonta ya yi rauni.

Ƙaryar nan kuma ba a takarda ta tsaya ba. Inna ta haura shekara tamanin. Tun ranar da ta ji an ce bango zai faɗi ta sa aka janyo gadonta tsakiyar ɗaki. Duk lokacin da hadari ya haɗo sai ta tattara jikokinta ta fito da su tsakar gida, su tsaya cikin sanyin Jos har ruwa ya ɗauke. Na yi mata bayani, magini ya yi mata bayani, ta ce ai mai hular kwano ya fi mu sani. Tari ya kama ta, yau mako uku.

Saboda haka ina roƙon waɗannan abubuwa:

1. A faɗi sunan injiniyan da inda ofishinsa yake. In babu shi, a janye takardar a rubuce, a kuma aiko wani dattijo daga cikinku ya gaya wa Inna da bakinsa, wataƙila ta yarda.

2. A fito da takarda ta biyu da Ɗanjuma ke cewa yana da ita, a gaban Mama Ngozi da 'yarta.

3. Ka gaya mana wanda ke riƙe da hatimin ƙungiya, da kuma gida nawa aka buga wa irin wannan takarda. Ni biyu na sani. Ina zargin sun fi haka.

4. A mayar wa ɗalibar nan kuɗinta, da duk wanda aka sayar wa ɗakin da babu shi, tun kafin a koma karatu su zo da katifunsu su tsaya a ƙofata.

5. Kada Ɗanjuma ya zauna a teburin da za a saurari wannan magana. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na ji an ce ranar Asabar mai zuwa kuna da taron wata a makarantar firamare ta unguwa. Zan zo. Malam Bitrus zai zo da tasa takardar. Mama Ngozi ma ta ce 'yarta za ta kawo ta, ta kuma ce in roƙe ka a ajiye mata kujera a sahun gaba, kusa da inda sakatare ke zama, tana so ya maimaita abin da ya gaya mata a kaina, ni ina tsaye.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da mutanen unguwa suka ɗora maka. In hannunka babu a ciki, Allah ya wanke ka a idon jama'a, ya kuma yafe mini zaton da na yi. In kuwa akwai, Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar gyarawa tun kafin Asabar.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sani Garba,
Gida mai koren ƙyaure, layin rijiya.