Wasiyyar Koci Abarshi a Kan Maganar da Ya Gaya wa Tasi'u

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Abarshi Jumare, wanda Birnin Gwari ta sani da Koci, na rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana Shafi'u da Salmanu da Karima. Ciwon ƙirji ya kwantar da ni, amma ina cikin hankalina, ba kuma wanda ya sa ni.

Na ɗaya. Gidanmu na unguwar Magajin Gari da gonar hanyar Kakangi a raba su yadda shari'a ta tanada. Gonar nan damina huɗu ba mu nome ta ba saboda mutanen daji. Kada ɗayanku ya jefa ransa a kan buhun masara. Ku jira.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni. Ku je wurin Muslimat, mahaifiyar Tasi'u, ku ukun, ku roƙa mini gafara. Kun san ya rasu, amma ba ku san da hannuna a ciki ba. Shekara shida yana tsare mana raga. A wasan ƙarshe na gasar unguwanni, wani ɗan wasa ya taho masa da gudu, Tasi'u ya kau da fuska, ƙwallo ta shige, aka cinye mu. Na tsayar da shi a tsakiyar fili, gaban 'yan kallo har da ƙannensa, na ce masa matsoraci ne, a matsoraci kuma zai mutu. Ya tuɓe safar hannunsa ya ajiye a gabana ya tafi. Gari ya kama sunan, ko a kasuwa da shi ake kiransa. Bayan wata biyu ya shiga 'yan sa-kai, shi da bai taɓa riƙe bindiga ba. Ranar da 'yan bindiga suka kora shanun Kakangi zuwa dajin Kamuku, shi ne a gaban masu bin sawu. A kan babur aka kawo gawarsa.

Da na je ta'aziyya, Muslimat ba ta zage ni ba. Ta ce ranar da zai fita ta riƙe masa riga, sai ya ce mata, "Inna, sake ni. So nake Koci ya ji." To, na ji. Shekara biyar ina wuce ƙofar gidanta, na kasa sake shiga. Safar tana cikin akwatina, ku kai mata. In ta ƙi yafewa kada ku matsa mata, haƙƙinta ne.

Na uku. Usur da jesuna da ƙwallaye na ƙungiya ne, a damƙa su ga David, mataimakina. Shafi'u, na san ranka zai ɓaci. Kafin in kwanta na tsaya bayan katangar fili kana horar da yara, na ji muryata tana fita daga bakinka, da zagina duka, ba ka rage ko ɗaya ba. David in yaro ya yi kuskure, gefe yake jan sa ya gyara masa. Ka zauna a ƙarƙashinsa ka koya. Yaran da ke zuwa yanzu, da yawansu an ƙone ƙauyukansu, wasu an kashe iyayensu a gabansu. Tsoron da suke kwana da shi ya ishe su, kada ka ƙara musu.

Na huɗu. Gabar da ke tsakanin Shafi'u da Salmanu ni na shuka ta. Shekara uku na ajiye Salmanu a benci ina gwada shi da yayansa, ina ganin hakan zai zaburar da shi, har ya bar ƙwallo ya daina gaida ɗan'uwansa. Salmanu, a duk waɗanda na horar, babu mai ƙafar hagu irin taka. Na sani tun lokacin, girman kai ne ya hana ni faɗa. Ka yafe mini, ka kuma je ka gaida yayanka, shi bai yi maka komai ba.

Karima, maganarki kaɗai suke ji su biyun. Kada ki bari a watse bayan sadakar uku. Ku ci abinci a kwano ɗaya ko da ran Juma'a ne, ku kula da mahaifiyarku. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gona, ya ba ku harshen da ya fi nawa taushi. Ku riƙe juna.