Kwaɗo na Uku a Ƙofar Sito

Kukar Jumma, ta Makoda
Afrilu, 1985

Zuwa ga ƙanena Zailani, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Kaltume da yara. Mu nan da sauƙi, gwargwadon yadda shekarar ta bari. Inna tana nan, ƙafar ce dai ta ƙi, sallah ma a zaune take yi. 'Yata Rukayya ta sauka lafiya, an sami mace. Rasuwar maigidana Malam Dabo na tabbata ta iso maka, ko da yake gaisuwarka ba ta iso mana ba. Na fita takaba tun watan jiya. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka kada ka yi wa rubutun dariya. Alhaji Ɗanliti mai kai shanu kudu shi zai kawo maka, kuma na sa ya yi mini alkawarin ba zai miƙa wa kowa ba sai kai.

Maganar siton iri ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka fi ni sanin yadda aka fara, amma tunda ka yi kamar ka manta, bari in tuna maka. Shekara huɗu da suka wuce mutanen aikin raya karkara suka zo da farar mota, suka gina mana sito mai ƙofar ƙarfe, suka kafa ƙungiya, suka ce kowane gida ya zuba irin gero da dawa da gyaɗa, don ko fari ya zo kada a wayi gari babu abin shukawa. Suka sa kwaɗo uku. Makulli ɗaya wajen Baba Sammani, ɗaya wajen Malam maigidana, ɗaya wajenka. Gari duka aka rantse a gaban liman cewa ba za a buɗe ba sai ku ukun kun tsaya, kowa da hannunsa. Kai kaɗai kuma aka tura kwas Kano, ka koyo yadda ake sa wa iri magani duk wata uku. Ka dawo da takardar shaida da sabuwar hula, ba ka koya wa ko mutum ɗaya ba. Su ma da suka tura ka ba su tambaya ba. Aikinsu ya ƙare, suka ɗauki hoto a bakin ƙofa suka tafi.

Ba zan zagi rantsuwar nan ba, don ita ta hana mu cinye irin lokacin da yunwa ta fi tsanani. Bara bayan tafiyarka mun shuka abin da ya rage a rumbunanmu, ruwa ya ɗauke, komai ya ƙone. Mutane sun ci dusa, sun ci ganyen da awaki ke ƙi, amma babu wanda ya taɓa ƙofar. Sai Basiru na gidan Uwa, da 'yarsa ta kwanta, ya ɗauko ƙarfe da rana tsaka ya nufi kwaɗonka. Bugu ɗaya ya yi, ƙarfen ya kuɓuce ya tsaga masa hannu. Hannun ya kumbura har kafaɗa, kwana tara aka kai shi kabari. Ni na ce ciwo ne ya shige shi, amma ni kaɗai nake faɗin haka, kowa cewa yake rantsuwa ce ta kama shi. Tun ranar ko inuwar sito ba mai zama, sai Baba Sammani.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan ba a sa wa irin magani ba. Tun watan azumi aka fara jin wani sauti a ciki. Idan rana ta take, gari ya yi tsit, kana wucewa za ka ji kamar yayyafi a kan kwano, alhali sama fes. Kullum da safe akwai wani gari-gari mai laushi da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. A share yau, gobe ya dawo. Ni da na tsufa ina buɗe rumbu na san ƙwari ne ke cin abincinmu. Amma Baba Sammani, wanda idonsa ya tafi kuma hankalinsa ke biye, cewa yake waɗanda suka zuba iri suka rasu ne ke auna rabonsu.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne taron ƙungiya. Har yau ana yinsa ranar Juma'ar farkon wata, yadda masu farar mota suka tsara, ko da yake ba abin da ake yankewa. Ana shimfiɗa tabarma nesa da sito, Baba Sammani ya kira sunaye da ka, masu rai da matattu, ba ya tsallake kowa. In ya kira mamaci sai ya yi shiru ya karkata kunne wajen ƙofar, sannan ya gyaɗa kai ya wuce. Wata biyu ke nan, Zailani, da ya fara yi wa sunanka irin wannan shirun.

Kada ka ce ba mu nemi hanya ba. Maigari ya je ofishin da aka ce an bar wa aikin. Ya tarar da mutum ɗaya da tebur, ya ce masa shi sabon zuwa ne, bai san da wani sito ba, takardun ma ba a bar masa ba, kuma ba shi da ikon cewa a fasa ko kada a fasa. Sai aka koma wajen liman. Ya duba, ya ce wanda ya mutu rantsuwarsa ta sauka, shi ya sa makullin Malam yake wuyana yanzu, ni zan tsaya a madadinsa. Amma mai rai ba shi da wakili, ko ka aiko da makulli ba zai yi ba. Ka gane abin da nake gaya maka? Da ka mutu, da tuni mun buɗe.

Mutane ma sun gane. Saƙo biyu na aika maka, ba amsa, kuma shekara guda babu wanda ya ce ya gan ka. An fara cewa wataƙila ruwan can ya ci ka. Shekaranjiya a bakin rijiya maƙwabciyarmu Larai ta ce marigayi Zailani, a gabana, ba ta ko gyara ba. Ba ƙinka suke yi ba, yunwa suke ji, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Liman ya ce zai jira zuwa ruwan farko. In ya sauka ba ka zo ba, za a yi maka sallar gawa daga nesa, a sare kwaɗonka. Inna ba ta sani ba tukuna, ban san bakin da zan gaya mata da shi ba.

Akwai kuma wani abu. Kwana uku ke nan sautin ya tsaya. Wasu har murna suke, wai masu awo sun gama sun tafi. Ni tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin ƙwaro ya bar hatsi da sauran abin ci a ciki ba. Mai yiwuwa buhunan ƙasa sun tsira, mai yiwuwa ɓawo kawai za mu tarar. Ko wanne ne, ka zo mu buɗe mu gani. In da saura, ka zaunar da mutum biyar, har da mata, ka koya musu sa maganin nan, sannan ka koma inda ka ga dama. Ba na fushi da neman abincinka, ina fushi da ka tafi da abin da ba naka kaɗai ba.

Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaya ko Ɗanliti ya tashi. Rukayya da ƙanwarta Asiya suna gaisuwa. Ka gaida Kaltume, ka shafa mini kan yara. Allah ya kawo ka kafin ruwa. In kuwa ruwa ya riga ka, ka sani za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kuma ni, Allah ya yafe mini, zan zauna a kai in karɓi gaisuwar mutuwarka, don ina da jikoki da za su ci tuwo baɗi.

Ni ce yayarka,
Safiyatu