Ranka Ya Daɗe, A Dawo Mini da Kibod Ɗina

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani, yankin Kura da Bunkure.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ne magatakardan da ke tura wa manoma saƙon ranar da ruwa zai shiga layinsu. Na kai kukana ofis aka mai da shi abin raha, shi ya sa na fito fili.

Na farko, kowa ya san hawan jinin ido ya ci ganina. Duk da haka aiki bai taɓa gagarata ba a tsohuwar kwamfuta. Kibod yana da tudu da kwari, yatsuna sun san gidan kowane harafi, in na danna ina jin ya shiga. Mawus kuwa sai na kai kibiyarsa ta kan allo inda nake so, na matso da fuska na tabbatar, sannan in latsa.

Na biyu, bayan girbin shinkafa kuka ɗauke kwamfutar, kuka ba ni wadda ake shafawa. Gilashi ne sumul, yatsa ba ya jin komai. Ba ta jiran niyyarka, gefen hannu ya goge ta kawai, ta ɗauka umarni ne.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Saƙon da na nufi masu tumatir na layin gabas da shi, ban san yadda aka yi ba, ya tafi har ga masu alkama na yamma. Ɓangarorin biyu suka haɗu a ƙofar ruwa, kowa da shaidarsa a waya. A gabana wani ya ɗaga wa maƙwabcinsa fartanya, mutanen da ke sallah sahu ɗaya. Ba don dattawa sun shiga tsakani ba, da yanzu wani zancen ake yi. Wallahi tun ranar, tsoron taɓa gilashin nan nake, kuskuren kuma ƙaruwa yake.

Roƙona, a dawo da tsohuwar, ko a haɗa wa sabuwar kibod da mawus, na ji ana yi. Masu ido garau su yi ta shafawa, ban hana ba. In duka ba za su yiwu ba, ku sallame ni kafin bazara, lokacin da ruwa ke ja baya, zukata su yi zafi. Ina da iyali, ina tsoron zaman gida. Amma na fi tsoron ranar da za a ɗauko wani daga bakin kanal ɗin ruwan nan, a ce yatsana ne sila.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kiyaye mana zumuncinmu.

Wassalam,
Magatakardanku.